Sai na sa hannu kafin a ba ni gadona? Amsa kan takardun rufe gado a Kalifoniya

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu a Los Anjelis, ya bar wasiyya, kotu ta naɗa yayanmu wasiyyi wata 20 da suka wuce. Ya bar gida da aka yi wa ƙimar dala 800,000, akwai bashin jingina na dala 500,000 a kansa, sai dala 100,000 a banki. Mu uku ne magada, ni ina Kano. Yanzu lauyan da ke yi wa yaya aiki ya aiko mini da takardu in sa hannu: in yafe lissafi, in amince da ladan yaya da kuɗin lauya, in kuma ce na karɓi rabona, na wanke yaya daga kowace tuhuma. Ya ce in ban sa hannu ba rabon zai daɗe. Dole ne in sa? Me zan rasa in na sa?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, Malama, ya ba ku haƙurin rashi.

Ba dole ba ne. Haƙƙinki a cikin dukiyar nan ya fito ne daga wasiyya da umarnin kotu, ba daga sa hannunki ba. Gaskiya ne ƙin sa hannu zai iya ƙara wasu makonni ko watanni, amma ba zai rage miki ko dala ɗaya daga kasonki ba. Abin da ya kamata ki fara yi shi ne ki raba takardun nan, domin lauyoyi kan ɗinke su wuri ɗaya kamar abu ɗaya ne, alhali nauyinsu ya sha bamban. Ɗaya tana da sauƙi, ɗaya tana buƙatar ki yi lissafi da alƙalami, ɗaya kuwa ita ce mai haɗari.

Ki riƙe wannan ma tun da wuri: lauyan nan lauyan wasiyyi ne. Daga dukiyar gadon za a biya shi, wato har da aljihunki, amma ba ke yake karewa ba. Wannan ba ya nufin mugu ne. Yana nufin shawarar da zai ba ki shawara ce ta wanda yake so fayil ya rufu.

Mu fara da yafe lissafi. A dokar gado ta Kalifoniya, kafin a rufe gado wajibi ne wasiyyi ya kawo wa kotu cikakken lissafi: abin da ya tarar ranar rasuwa, abin da ya shigo bayan nan kamar kuɗin haya da ruwan ajiya, ribar ko faɗuwar abin da ya sayar, duk abin da ya kashe da kwanan wata da sunan wanda aka biya, da abin da ya rage a hannunsa. Sashe na 10954 shi ya ba da damar a tsallake wannan, in duk wanda ke da rabo ya yafe a rubuce. In kika duba takardar da aka aiko miki, sau da yawa za ki ga lambar nan a jikinta. Kalmar "duk" ita ce ƙarfinki. Tun da ku uku ne za ku raba abin da ya rage bayan basussuka, in mutum ɗaya ya ƙi, yafewar sauran biyun ba ta isa ba, sai an yi lissafi. Yaro ƙarami kuma ba ya yafewa da kansa, sai wanda doka ta ba ikon karɓa a madadinsa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yafe lissafi ba ya rage ladan wasiyyi ko kuɗin lauya. Rubuta lissafi yana cikin aikin yau da kullum wanda aka yanka musu ladan nan saboda shi. In kin yafe, kin sauƙaƙa musu aiki ne, su kuma za su karɓi kuɗinsu cif. Abin da kike samu shi ne lokaci: ba sai an jera jadawali ba, ba sai ma'aikatan kotu sun bi lambobi ɗaya bayan ɗaya suna dawo da fayil a gyara ba. A gadon da bai wuce asusun banki ɗaya da gida ɗaya ba, kuma magada sun ga takardun banki da idonsu, yafewa abu ne mai ma'ana, kuma iyalai da yawa haka suke yi. A gadon da aka daɗe ana riƙe da shi, aka karɓi haya, ko wani magaji yana zaune a gidan, ko an yi gyare-gyare masu tsada, yafewa ba tare da an ga komai ba sakaci ne.

Ko an yafe, wasiyyi ba ya tsira daga bayani gaba ɗaya. Dole ya shigar da rahoton ƙarshe da ke nuna basussukan da aka biya, abin da aka sayar, abin da ke hannunsa, yadda za a raba, da yadda aka lissafa lada. Sai dai rahoton ba ya nuna kashe-kashe dalla-dalla, kuma a nan ɓarna take ɓuya: kuɗin "gyaran gida" da ba rasit, tikitin jirgi da wasiyyi ya mayar wa kansa, kuɗin wuta da ruwa na gidan da shi ke kwana a ciki.

Akwai hanya ta tsakiya, kuma ita nake ganin ta fi dacewa da ke. Ki rubuta wa lauyan cewa za ki duba batun yafewa bayan kin ga abu huɗu. Na farko, jerin dukiya da ƙimarta, wanda ake cikewa a fom DE-160 da DE-161, kuma ya kamata a ce an shigar da shi cikin wata huɗu da naɗa wasiyyi. Na biyu, bayanan asusun gadon na kowane wata daga ranar buɗewa zuwa yau. Na uku, takardar kammala cinikin gidan in an sayar, domin ita ke nuna farashi, la'adar dillali, ragowar jingina da abin da ya shiga asusu. Na huɗu, daftarin buƙatar rabon ƙarshe da za a kai kotu. Wasiyyin da hannunsa ke da tsabta zai iya haɗa waɗannan cikin mako ɗaya. In aka fara kewaye-kewaye, kin samu amsarki.

Yanzu maganar kuɗi, inda Kalifoniya ta bambanta da yawancin jihohin Amurka. Ita doka ce ta yanka, a sashe na 10800 ga wasiyyi da na 10810 ga lauya, kuma ma'aunin iri ɗaya ne: kashi 4 cikin 100 na dala 100,000 ta farko, kashi 3 na dala 100,000 ta biyu, kashi 2 na dala 800,000 da ke biye, kashi 1 na dala miliyan 9 da ke biye, rabin kashi 1 na miliyan 15 da ke biye. Abin da ya haura miliyan 25 kotu ce ke yankewa.

Abin da ke ƙona wa magada rai shi ne ba a cire bashin jingina kafin a yi lissafin. A gadonku, tushen lissafi dala 900,000 ne, ba 400,000 ba. Ga yadda zai fito: 4,000 a kan dubu ɗari ta farko, 3,000 a kan ta biyu, sai kashi 2 na ragowar 700,000, wato 14,000. Jimla 21,000 ga yaya, wata 21,000 ga lauya, duka 42,000. In kika auna da ainihin abin da mahaifinku ya mallaka bayan bashi, an haura kashi 10 cikin 100. Yana da ciwo, amma halal ne a dokar jihar, kuma ƙorafi a kan wannan kaɗai ba zai kai ki ko'ina ba.

Inda ƙorafi ke cin nasara shi ne a kan tushen da aka yi lissafin. Ana ɗaukar ƙimar da ke cikin jerin dukiya, a ƙara ribar sayarwa da kuɗin da suka shigo, a cire faɗuwa. In an sayar da gidan dala 760,000, an faɗi da 40,000, tushe ya koma 860,000, ladan kowannensu 20,200. In an sayar 840,000, tushe 940,000, lada 21,800. Kuskuren da aka fi yi shi ne a manta cire faɗuwa. Na biyu shi ne a cusa dukiyar da ba ta biyo ta kotu ba: inshorar rai mai sunan wanda zai karɓa, asusun fansho mai irin wannan suna, asusun haɗin gwiwa da ya koma ga wanda ya rage, ko abin da mamaci ya sa a cikin amana (trust) tun yana raye. Waɗannan ba sa shiga lissafin lada. Kuma in an yafe lissafi amma ana so a ɗora lada a kan abin da ya wuce ƙimar jerin dukiya, ƙa'idar kotu ta ce sai an haɗo jadawalin kuɗin shiga da na riba da faɗuwa. Ki duba ko sun haɗo.

Ma'aunin nan rufi ne ga aikin yau da kullum. Duk yarjejeniyar da za ta ba wasiyyi ko lauya fiye da shi a kan aikin yau da kullum ɓatacciya ce, amma ba abin da ya hana su karɓar ƙasa da shi. Ki kuma duba wasiyyar kanta, domin in mahaifinku ya ambaci ladan wasiyyi a ciki, shi ne zai hau, sai dai in kotu ta ɗage. Wasiyyin da shi ma magaji ne yakan yafe ladansa, ba don kirki kaɗai ba: lada kuɗin shiga ne da ake biya wa haraji, gado kuwa ba a ɗaukarsa kuɗin shiga. Amma a gado mai magada uku, kashi biyu cikin uku na ladan daga aljihun 'yan'uwa yake fitowa, saboda haka ko bayan haraji yaya zai fi samu in ya karɓa. Kina iya roƙonsa ya rage, ba ki iya tilasta shi. Kuma a yi adalci: wata 20 na zirga-zirga tsakanin banki da kotu da dillalai ba ƙaramin aiki ba ne.

Sai kuɗin aiki na musamman, wanda ake nema a kan wancan. Nan ne ya kamata ki buɗe ido sosai, domin nan ba ma'auni, alƙali ne ke duba dacewa. Irin ayyukan da ake karɓa sun haɗa da sayar da gida, tafiyar da kasuwancin mamaci, shirya takardun haraji, shari'a da wani don kare dukiyar gado, da kare wasiyyar da aka ƙalubalanta. Wanda ke nema dole ya bayyana irin aikin, wahalarsa, sa'o'in da aka kashe, farashin kowace sa'a, da amfanin da gado ya samu. Layi ɗaya da ke cewa "ayyuka na musamman, dala 9,000" bai cika ƙa'ida ba. Alƙali kuma yana da ikon duba girman ladan da doka ta riga ta ba su ya ce ya wadatar. A gado irin naku, inda gidan da ke ɗauke da bashi ya kumbura lada, wannan hujja ce mai ƙarfi. Saboda haka in takardar amincewa da aka aiko miki ba ta ambaci adadi ba, ko ta ce kin amince da "duk kuɗin da za a nema", kada ki sa hannu a kanta. Ki nemi adadi, ki yi lissafinki, sannan ki rubuta cewa kin amince da wannan adadin kawai.

Abu biyu kuma game da lada. Ba a yarda wasiyyi ko lauya su ɗebi ladansu kafin kotu ta ba da umarni ba, saboda haka in kin ga an fitar da irin wannan kuɗi a bayanan banki ba tare da umarni ba, laifi ne da kotu ke iya hukuntawa. Sannan akwai jinkiri. Sashe na 12200 ya ba wasiyyi shekara ɗaya daga ranar naɗi, ko wata 18 in akwai takardar harajin gado ta tarayya, ya nemi rabon ƙarshe ko ya kawo rahoton dalilin da ya sa bai gama ba. Gado mai girman naku bai kai matakin harajin tarayya ba, don haka shekara ɗaya ce ta shafe ku. In wata 20 sun wuce ba rahoto, kuma jinkirin laifin wasiyyi ko lauya ne ba don amfanin gado ba, sashe na 12205 ya ba kotu ikon rage musu lada. Wanda ya wuce wa'adi da wata takwas bai kamata ya tsoratar da ke da maganar jinkiri ba.

Ƙananan kuɗaɗe ba su da wuyar dubawa: kuɗin shigar da buƙata a kotu, dala 435 a yawancin gundumomi, kuɗin sanarwa a jarida, da na mai ƙiyasin kotu, wanda ke karɓar kashi ɗaya cikin dubu na abin da ya yi wa ƙima, wato dala 800 a kan gidanku. Wasiyyi kan nemi a bar masa ɗan ajiya saboda harajin ƙarshe da kuɗin rufewa. Ba laifi, amma a ambaci adadi, a kuma rubuta cewa ragowar za a raba muku.

Mu zo ga ta uku. Rasit da wankewa abu biyu ne da aka haɗa a takarda ɗaya. Rasit wajibi ne a tsarin: bayan kotu ta ba da umarnin rabo, wasiyyi ya miƙa wa kowa kasonsa, ya karɓi rasit, ya kai kotu, sannan ya nemi a sallame shi da fom DE-295. Ki lura da jerin. Umarni, sai biya, sai rasit. Rasit da ke cewa "na karɓa" alhali kuɗi ba su shigo ba shaida ce kika bayar a kan kanki. Ga wanda ke wata ƙasa, inda tura kuɗi kan tsaya a bankin tsakiya na kwanaki, wannan ya fi muhimmanci. In lauya ya nace yana son rasit a hannu tukuna, mafita ita ce yarjejeniya a rubuce cewa zai riƙe shi amana, ba zai shigar ba sai kin tabbatar kuɗi sun iso. Abin da ya fi shi ne ki jira kuɗi, ki sa hannu ranar.

Wankewa kuwa ba ta cikin abin da kotu ke buƙata kafin a biya ki. Kariya ce wasiyyi ke nema wa kansa. Ki nemi lamba 1542 a cikin takardar. Wannan sashe ne na dokar farar hula ta jihar da ke cewa wankewa ta gaba ɗaya ba ta shafar haƙƙin da mutum bai san da shi ba lokacin sa hannu. Takardun wankewa da yawa suna sa mutum ya yafe wannan kariyar, ma'ana ko gobe kika gano wani abu, kin riga kin rufe ƙofa. Haɗa yafe lissafi da yafe sashe na 1542 yana nufin kin yarda ba za ki duba ba, kin kuma yarda ba za ki yi magana a kan abin da ba ki duba ba. Ki duba kuma ko akwai sharaɗin cewa za ki mayar da kuɗi ko ki ɗauke wa wasiyyi duk bashin da ya taso daga baya. In za ki yarda da irin wannan, ya tsaya a kan kasonki na bashin, kada ya wuce abin da kika karɓa. Kina da ikon soke layi, ki sa harafin sunanki a gefe, ko ki nemi a aiko miki da rasit zalla.

Kada kuma ki rikita waɗannan da takardar ƙin karɓar gado gaba ɗaya. Wasu iyalai na Musulmi kan so su sake rabo bisa shari'a, tun da kotun Kalifoniya wasiyya take bi, in babu kuma ta raba wa 'ya'ya daidai, mace da namiji. Ƙin karɓa ba shi ne hanyar ba, domin mai ƙi ba ya zaɓar inda kason zai je: doka kan ɗauke shi kamar ya riga mamaci rasuwa, kason na iya sauka kan 'ya'yansa. Irin wannan gyara ana yinsa ne da yarjejeniya ta daban, da lauya a tsakani.

In ba ki sa hannu ba, ga abin da zai biyo baya. Wasiyyi zai shigar da lissafi da buƙatar rabon ƙarshe, a sa ranar zama, a aika miki da sanarwa aƙalla kwana 15 kafin ranar. Kwanakin nan daga ranar jefa wasiƙa ake ƙirga su, ba daga ranar da ta iso Kano ba, kuma wasiƙar Amurka tana iya isowa bayan an gama zaman. Don haka ki shigar da fom DE-154, wanda ke tilasta a riƙa aiko miki da kwafin abin da kika nema daga cikin takardun da ake shigarwa, ki ba da yardarki a rubuce a riƙa turo miki ta imel, ki kuma riƙa duba lambar shari'ar a shafin intanet na kotun. Lambar nan tana saman kowace takarda. Af, tun da zamani ya lalace: takardar gado da ba ta da lambar shari'a, ko wadda ke neman magaji ya turo kuɗi kafin a saki rabonsa, ta 'yan damfara ce. Kuɗin kotu da na lauya daga cikin dukiyar ake cire su.

Ƙorafi ana yinsa a rubuce kafin ranar zama ko a ranar, kuma ya zama takamaimai: wane layi, nawa, me ya sa. Sashe na 10901 ya ba ki damar neman a fito da rasitai da takardun da ke goyon bayan lissafin. In kotu ta ga wasiyyi ya jawo asara, tana iya sa shi ya biya daga aljihunsa da ruwa a kai. Amma ki auna kafin ki shiga. Lauyan wasiyyi zai iya neman kuɗi na musamman saboda kare lissafin, kashi ɗaya cikin uku na wannan kuɗin daga aljihunki zai fito. Kuma sashe na 11003 ya ce in an yi ƙorafi ba dalili da mugun nufi, ana iya cire kuɗin shari'ar daga kason mai ƙorafi, kamar yadda ake iya ɗora wa wasiyyi in shi ne ya yi taurin kai da mugun nufi. Rigima a kan dala 800 ba ta biyan kanta. Rigima a kan kuɗin haya na wata 20 da ba a ga inda suka shiga ba wata magana ce.

In kuɗi kike buƙata da gaggawa, magaji ma yana iya neman kotu ta ba da rabon wucin gadi, a saki wani kaso yanzu a bar sauran har a gama.

Da zarar umarnin rabon ƙarshe ya tabbata, ya ɗaure kowa. Ɗaukaka ƙara yawanci kwana 60 ne daga ranar da aka aiko da sanarwar shigar da umarnin. Bayan nan, abin da ya rage shi ne a nuna an samu umarnin ta hanyar zamba ko ɓoye muhimmin bayani, kuma wannan hanya ce mai tsada da wuyar hawa. Shi ya sa duk tambayar da kike da ita, yanzu ne lokacinta. Ki nemi lauyan gado mai lasisin Kalifoniya ya duba miki takardun uku da daftarin rabon, aikin sa'a ɗaya ko biyu ne, ana yi ta waya. Lauyan gida ba zai iya tsaya miki a wannan kotun ba, kuma duk lambobin da na kawo na Kalifoniya ne kaɗai: a Niyok, misali, ladan wasiyyi yana farawa ne daga kashi 5 cikin 100, kuma can rufe gado da takardar wankewa ba tare da zaman kotu ba shi ne abin da aka saba.